Akwatin da Ka Bari a Katako

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidana, Baban Walida. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ina sanar da kai cewa mu nan lafiya muke, sai dai kewa. Walida ta koma makaranta. Ruwan sama bai ɗaga mana ƙafa ba tun da ka tafi, kuma kwanon ɗakin girkin da ka ce za ka gyara ranar Asabar yana nan yana yoyonsa.

Na san cikin masu karanta wannan za a sami masu cewa, mai takaba me ya haɗa ta da rubutu a waya? Su yi haƙuri. Murya aka ce in sassauta, ba a ce in ɗaure yatsa ba. Kuma maganar da ke cina, in ban faɗa maka ba, ban san wanda zan faɗa wa ba.

Bari in fara ba ka labarin zamana. Gwaggonka Inna Asabe ta tare a gidan nan, ta shimfiɗa tabarma daidai bakin ƙofa da carbinta, kuma wallahi ko kai ba ka taɓa tsare ni haka ba. Keken ɗinkina an lulluɓe shi da zane, wai ƙararsa ba ta dace da gidan makoki ba. Talabijin ma an rufa masa nasa. Ni da a wuni ɗaya sai in je kasuwar Taminus sayen yadi, in dawo, in sake fita neman zare, yau duniyata ta tsaya daga gado zuwa taga. Ta tagar kuma ba abin da nake gani na unguwarmu Nasarawa Gwom sai bangon shagon mai walda da tartsatsin wutarsa. Wata huɗu da kwana goma a baki ba wuya. A ɗaki ne ake sanin tsawonsu.

A wannan zaman ne finafinanka suka dawo mini.

Kai dai ka san halinka. Fim ɗin da gari ya ɗauka, wanda ake ta zancensa a gidan suna da cikin keke napep, ko kallon bangonsa ba ka yi. Kakan ce, "Wannan ai ya ƙoshi da ido, bar shi." Naka su ne waɗanda ba wanda ya sani, kana kiran su marayu. Akwai tsohon nan mai sayar da faya-fayai a Tina Junction da ke ajiye maka su a kwali ƙarƙashin teburinsa, duk wanda ya yi kwantai. Ka tashi tun daga shagonka na kafinta a kasuwar Katako bayan wahalar wuni, ka tsallaka gari cikin sanyi, ka dawo da leda kana murmushi kamar ka tsinci dami a kala. Ni kuwa in duba ledar ko akwai tsire, in ga faifai.

Ka tuna na tsohuwar nan? Na wata ƙasa mai ƙanƙara, yarensu ko Turanci bai yi kama da shi ba. Tana sayar da shayi a tashar jirgin ƙasa, alhali jirgin ya daina tsayawa a garin. Kullum da safe ta share dandamali, ta jera kofuna, ta zauna. Shi ke nan fa abin da ake yi! Na ce maka jirgi bai zo ba amma ni barci ya zo. Kai kuma ka tsayar da fim ɗin, ka matsa kusa da talabijin kana nuna mini ƙofar tashar: "Dubi aiki, Maman Walida. Ko ƙusa ɗaya babu a jikin ƙofar nan." Mutane suna kallon 'yan wasa, kai kana kallon katako.

Sai na yaran nan na Jos, na Hausa, wanda ba waƙa ba rawa. Direban motar dankali da ɗansa, motar ta mutu musu a daji, kuma ga shi sun shekara ba sa magana da juna. Sautin ma bai fita sosai, kaji sun fi mutanen murya. Ka ce yaron da ya shirya shi ya karye, ya koma sayar da cajar waya, ka bi shi har rumfarsa ka saye ragowar faya-fayan kana raba wa mutane kyauta. Kowa ya karɓa ya yi godiya, ba wanda ya kalla. Ni ma na tashi a daidai inda uban ya miƙa wa ɗan ruwa a murfin jarka, saboda ina da ɗinkin amarya a kaina.

Wanda ka fi ji da shi kuwa shi ne wasan masu gadi. Tsohon shiri ne na talabijin tun muna yara, na wasu tsofaffi biyu masu gadin shaguna biyu da ke jere. Ɗaya Bahaushe, ɗayan Hausarsa sai a hankali, kasko ɗaya suke jin ɗumi a kai, kuma kullum cikin faɗa suke kan wa ya fi cinye gawayi. A wurin wani dattijo da ya yi ritaya ka samo shi a kaset, ka kai aka juye maka a faya-fayai. Ka ce mini mai yiwuwa ko gidan talabijin ɗin ba su da shi yanzu. Na yi dariya a kashi na farko, ban musa ba. Na ce maka sauran sai bayan Sallah in aiki ya lafa. Ka san aikin tela, Sallah ta wuce biki ya taso.

Da suka yi yawa a ɗaki har na rasa inda zan ajiye yaduka, kai da kanka ka haɗa musu akwati na maɗaci mai kyau, ka kai shago. Can kuma ka sami abokin kallo, Oga Chike, maƙwabcin rumfarka mai sayar da ƙusa da makullai. In ruwa ya tsinke kasuwa ta tsaya, sai ku jawo benci ku kunna ƙaramin talabijin, ku yi ta yi har a ɗauke. Kakan dawo ka ce, "Chike ya fi ki sanin fim." In ce to ka aure shi mana.

Yanzu ga ni da lokaci har ya yi mini yawa. Ba ɗinki, ba kasuwa, ba biki. Da ƙyar nake tura wuni. Sai na ƙudurta a raina, ranar da na fita takaba zan sa a kawo mini akwatin nan, in zauna in kalle su ɗaya bayan ɗaya, har da na tsohuwar mai shayi, ko da zan riƙe idona da tsinke. Wannan niyyar ce ta riƙe ni, Baban Walida. Da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Sai ga Yaya Sabo.

Bayan labule ya tsaya, ya yi sallama. Ya ce sun buɗe shagonka don lissafin gado, suka ga akwatin. Ya ce ya ji a wa'azi cewa abin da mutum ya bari na kiɗa da hotuna, duk wanda ya kalla bayansa ana rubuta masa kamasho yana kwance. Yana so a ƙona su. Kada ka ga laifinsa. Yayanka ne, shi ya yi maka wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe ka. Abin da ya ce shi ne, "Ƙanena nake ji, Maman Walida. Amma ke da Walida kuna da haƙƙi a ciki, ba zan taɓa ba sai kin ce."

Ka ji inda ya ajiye mini kayan. Da ma ƙonawa ya yi bai tambaye ni ba, da na sami wanda zan yi fushi da shi.

Na nemi hanya ta ko'ina. Na ce a bar ni in je Katako in gan su da idona, ko taɓa akwatin in yi. Inna Asabe ko ɗago kai ba ta yi ba: "Ƙafar mai takaba ba ta taka kasuwa. Asibiti ne lalura, faifai ba lalura ba ne." Na ce to a kawo shi gida a ajiye ƙarƙashin gado. Ta ce ba a gidan da ake saukar Alƙur'ani ba. Na ce a ba Oga Chike, tun da shi ya san darajarsu. Yaya ya ce ai wannan ne ma abin da yake gudu, a ci gaba da kunnawa. Na ce to a jira in fita, mu zauna mu yi magana a tsanake. A nan ne ya faɗi maganar da ta fi duka nauyi. Ya ce ni ina da watannin jira a kan katifa, kai fa da ke cikin kabari?

Na kira malamarmu ta Islamiyya a waya. Ta ce rai ba ya ɗaukar nauyin wani rai, kuma ba kowane fim ne ɓarna ba, in kwantar da hankalina. Na ji sanyi. Sai Inna ta sa aka kira wani malami da ta yarda da shi, shi kuma ya ce barin abin da ake kokwanto ya fi, musamman ga wanda ba zai iya dawowa ya gyara ba. Ni ba malama ba ce, tela ce. In an ba ni awo biyu na mutum ɗaya, shi nake kira in sake aunawa. Kai kuma ba ka kiruwa.

Na yi ta juya abin a wannan ɗaki har kaina ya yi ciwo. A raina na san tsohuwa mai share tasha ba za ta kai kowa wuta ba. Na san masu gadi biyu da kaskon gawayi ba su saɓa wa Allah ba. Amma ban kalli sauran ba, ban san abin da ke ciki ba. Kuma in na yi kuskure, ba ni ce zan biya ba. In na riƙe su don in rage kewa, alhali akwai ko ƙwayar gero ta nauyi a kanka, da wane ido zan dube ka gobe kiyama? Gara ni in ɗauki rashin, ina da rai, ina da sauran numfashin da zan yi kuka da shi.

Na ce a ƙona.

A bayan rumfarka suka yi, da guntayen katakonka. Ban gani ba, ban ji ƙauri ba, ina nan ina kallon bangon mai walda. Akwatin kawai Yaya ya kawo wa Walida, babu komai a ciki.

Shekaranjiya matar Oga Chike, Mama Nkechi, ta zo mini gaisuwa. Ta ɗaura ɗankwali har goshi don girmama Inna, ta kawo lemo da burodi. Ta ce mijinta ya tsaya a wurin har wutar ta mutu, bai kuma buɗe shago ba ranar. Shi ba zai iya shigowa inda nake ba, shi ya sa ya aiko ta da saƙo: in ina so, duk abin da ya tuna na finafinan zai riƙa faɗa mata, ita kuma ta zo ta faɗa mini. Inna ta ci gaba da jan carbinta. Hira ce tsakanin mata, ba ta da dalilin hanawa.

Ta fara da ƙarshen wasan masu gadi. Wai an sayar da shagon ɗayan, aka sallame shi, ya koma garinsu. Abokin faɗan nasa ya zo da yamma ya hura kasko, sai ya ga gawayin da ba ya isar su yau ya yi masa yawa. Ya zauna yana rage shi da hannu yana mayarwa cikin buhu. Nan aka ƙare.

Sai ta dafa gwiwata, ta ce da irin Hausarta, "Oga na ya ce kullum in ya kai wurin nan, mijin ki yana kuka. Sai ya juya fuska, ya ce garin katako ne ya shiga ido."

Baban Walida, ni matarka ce. Na ga ranar da mahaifiyarka ta rasu, na ga ranar da gobara ta cinye maka kaya, na ga jinyarka daga farko har ƙarshe. Ban taɓa ganin hawayenka ba. Na ɗauka Allah ne Ya yi ka haka. Ashe akwai inda kake kuka, kuma can ne kake ta jawo hannuna in zo in zauna, ni ina cewa sai bayan Sallah. Yanzu wurin ya zama toka, kuma da bakina aka kunna ashanar.

Ban sani ba ko na sauke maka nauyi ne ko na yi maka ɓarna. Abin da na sani, don kai na yi, masoyina, ba don kowa ba. In daidai ne, Allah Ya kai maka sauƙinsa. In kuskure ne, ka yafe wa telarka, ka san ta da gaggawar sa almakashi.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa mai tausayin abin da kowa ya yar. Ka yalwata masa kabarinsa fiye da wannan ɗaki da nake ciki, Ka haskaka shi, Ka kankare masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka saka wa Yaya Sabo da niyyarsa, Ka saka wa Chike da matarsa da alheri. Ka raya Walida a kan tafarki. Ka haɗa mu a inda ba sauran aikin da zai tashe ni daga gefensa. Amin.

Taka har kullum,
Maman Walida,
daga ɗakinka, Nasarawa Gwom.