Inji Mai Nauyi

Vasa, 3 ga Agusta

Gunborg tawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu da jaririyar. Ki taya ni sumbatar ƙafafunta. Ni ƙalau nake, kasuwa ma ba laifi, kyafaffen kifi na ƙarewa kafin azahar.

Injin kwale-kwalenmu dai ya mutu murus. Na je wajen Sixten mai injuna, ya nuna mini biyu. Ɗaya na hannu ne, mai bugu biyu, irin tsohon namu: sai ka gauraya masa fetur da baƙin mai, ga hayaƙi, ga ihu, amma kilo ashirin da shida ne kacal, mutum ɗaya zai saɓa shi ya haura duwatsu har rumfar kwale-kwale. Ɗayan sabo ne, mai bugu huɗu. Ba hayaƙi, ba ya zuƙar mai, muryarsa kamar ta mage, sai dai kilo arba'in ne. Sixten ya ce, "Evald, da wannan ƙugun naka? Ɗauki ƙaramin, kada matarka ta dawo ta tarar da kai a ninke." Na ce masa ya ji da teɓarsa.

Gaskiyarsa fa. Mai farauta shi kaɗai, ƙaramin ne nasa. Kalmar "shi kaɗai" ɗin ce ta tsaya mini a wuya. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa buɗe farautar agwagwa babu Yaya Helmer ba. Tun da muka binne matarsa Alfhild bai taka bakin ruwa ba. Na kai masa kifi, ya karɓa ta ƙofa. Na ce mu fita shan iska, ya ce ba ya son sadaka. Kin san shi: in ka ce za ka taimake shi sai ya rufe ƙofa, in ka ce ya taimake ka har takalmi yake mantawa.

Ina nan ina nazari.

Mijinki,
Evald

11 ga Agusta

Gunborg tawa,

Ina gaisuwa, yaya tarin da kika ce yana damun ki? Ki riƙa rufe wuya.

Na sayi mai nauyin. Kada ki yi faɗa tukuna. Na buga wa Yaya waya da muryar tausayi irin wadda nake yi wa masu taya kifi da arha, na ce ga inji a bayan mota, na kasa sauke shi. Kafin gahawata ta huce ya iso. Ya rame, Gunborg, rigarsa kamar ta aro. Ya zagaya injin ya ce, "Kai da ke sayar wa baƙi kifin jiya a matsayin na yau, yau kai aka sayar wa dutse?" Muka kama tare har rumfa, yana zagina a hanya. Rabon da in ji daɗin zagi haka, na manta.

Amma wayo ya ci ni. Shekaranjiya na tarar da amalanke a ƙofar rumfar, ƙirar hannunsa, mai taya ɗaya, har da mazaunin inji. Ya manna takarda: "Yanzu ba ka bukatar kowa." Na gwada shi. Wallahi ko ke za ki tura shi da hannu ɗaya. Na zauna a kan dutse ina kallonsa, ban san ko dariya zan yi ba.

Naki,
Evald

21 ga Agusta

Gunborg tawa,

Ina fatan duk kuna lafiya. Hoton jaririyar ya iso, hancin namu ne, Allah ya ba ta haƙuri.

Jiya aka buɗe farauta da tsakar rana. Zan faɗa miki laifina: na tafi da wuƙar fiɗa a aljihu da niyyar farke tayar amalanken nan. Ina isa na tarar ba taya. Yaya na zaune a kan amalanken, bindiga a cinya, gorar gahawa a gefe. Bai ko dube ni ba ya ce, "Ɓarayin zamani, har taya ba su bari ba. Tsaya kallona za ka yi? Kama can."

Na kama.

A kan ruwa ne na gane abin da na saya. Shekara talatin da ɗaya tsohon injin yana ihu a tsakaninmu, sai dai mu yi wa juna nuni da hannu. Jiya har ƙarar ruwa a jikin katako nake ji. Muna wuce tsibirin da suke tsinkar 'ya'yan itace shi da Alfhild, ya ce, a hankali, yana kallon gaba, "Har yanzu kofi biyu nake ajiyewa da safe." Da tsohon injin ne, da iska ta tafi da maganar. Na dai rage gudu.

Agwagwa ɗaya muka samo, kowa na cewa shi ya harbe ta. Asabar za mu koma.

In kin dawo kada ki yi masa zancen tayar. Na gan ta a bayan motarsa, ya rufe ta da rigar ruwa.

Mijinki mai kewarki,
Evald