Zan Jinginar da Fadamar Gidanmu in Sayi Hannun Jari

Baba Manu, assalamu alaikum. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma kada wasiƙar nan ta daɗe a teburinka, domin an sa ranar ɗaure magana Juma'ar farko bayan ƙaramar Sallah. Ranar kuwa kullum ƙara matsowa take yi.

Ni malamin asibiti ne a wani ɗakin shan magani wajen Kwandiko, ƙasar Gwaram. Albashina naira saba'in da 'yan kai. Tun da aka yi mana ƙarin albashi na Udoji, duk ƙarshen wata in na je Birnin Kudu sai in biya gidan waya in zuba naira goma a littafin ajiya. Ban taɓa fashi ba sai watan da matata ta haihu. Yanzu akwai naira ɗari biyu da sittin a ciki. Da can in na buɗe littafin na ga hatimi a jere, daɗi nake ji. Yanzu haushi nake ji, wallahi. Buhun geron da nake saya sa'ad da na fara ajiyar, yau kuɗinsa ya ninka har da ɗoriya. Kuɗina suna kwance, kaya suna gudu.

Ana nan sai Maikuɗi, abokina tun firamare, wanda yake akawu a Kano, ya zo gida da wata takarda bugaggiya. Ya ce tun da gwamnati ta sa kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, an buɗe wani asusu da ake tara kuɗin mutane da yawa, masana su sayi hannu a kamfanoni iri-iri, na yadi, na sabulu, na siminti, duk shekara a raba riba gwargwadon abin da kowa ya zuba. Ya ce kamar ka ba Bafillatani kiwo ne, kana gida saniyarka tana haihuwa. Wai naira goma sha biyu a kan kowace ɗari, kuma shi kansa hannun kuɗinsa hawa yake yi. Shi bashin banki ya ci ya zuba. Da na nuna masa littafina sai ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce da naira goma-goma sai na yi furfura ban sayi babur ba. Maganar ta yi mini ciwo, don na san akwai gaskiya a ciki.

Na je banki, suka ce albashina bai kai a ba ni rance ba. Ban san wanda ya kai labari ba, sai ga aike daga Alhaji Ɗanbala, dillalin albasa na garinmu. Ya ce zai ba ni naira ɗari takwas a kan jinginar fadamarmu.

Fadamar nan mahaifinmu ya bar mana, ba a raba ba. Ni ne babba, maganata ake ji, amma ƙanena Hambali ne yake noma ta: shinkafa da damina, albasa da rani. Rijiya biyu ce a ciki, mahaifinmu ya haƙa su da hannunsa. Da fadamar Hambali yake ciyar da matarsa da 'ya'ya huɗu da Dada mahaifiyarmu, ni ma ba na sayen shinkafa.

Abin da ya ja ni, Baba, jingina ba ruwa a kanta, ba wa'adi. Alhaji zai riƙa nomawa, ranar da na kawo kuɗinsa a dunƙule in karɓi gonata. Ya dai ce ba ya karɓar biya kaɗan-kaɗan. Na ce a rubuta, ya ce takarda ta marasa amana ce, shi da mahaifinmu da baki suka yi hulɗa shekara talatin. Shaidu ma ya riga ya zaɓa don ya rage mini wahala: Baba Ɗan'auta, wanda ya haura tamanin, idonsa ya tafi, da Malam Ƙasimu. Malam Ƙasimu kuwa ni nake ba shi magani, na san irin ciwon da ke ƙirjinsa. Rai na Allah ne, amma na sani.

Ga wani abu kuma da na kasa cirewa a raina, wataƙila zato ne, zato kuwa zunubi. Makon jiya na je gidan Alhaji wanke masa gyambo a ƙafa, sai na ga gwangwanaye jere a bayan zaure, sun fi arba'in, kowanne da ɗan tsiron mangwaro, ana ba su ruwa safe da yamma. Gonakin Alhaji duk na tudu ne, ba mai ruwa ko ɗaya. Na tambaye shi inda zai dasa, ya yi murmushi ya ce mutum ba ya rasa inda zai sa inuwa. Washegari aka ce an gan shi da wannan ƙafar mai ciwo yana zagaya iyakar fadamarmu yana ƙirga taku.

Hambali bai musa mini ba. Cewa ya yi ni na yi boko, duk abin da na gani shi ke nan. Amma har yau bai yafa irin albasa ba, igiyar jigon ban ruwa ta tsinke bai sauya ba, kuma an ce yana tambayar direbobi yadda aikin leburanci yake a Kano. Dada kuwa ce mata na yi aron gonar za a ba Alhaji na shekara ɗaya ko biyu. Sai kawai ta tambaye ni ko har da rijiyoyin.

Ni dai na gaji da zama a baya, Baba. Ƙasa ta yi kuɗi, sa'o'ina suna hawa mota, ina tsoron a rufe ƙofar nan ina tsaye da littafin gidan waya a hannu. Ina kuma tsoron Juma'ar nan. In karɓi kuɗin, ko in ci gaba da goma-gomata?

Naka,
Mai Zullumi, Kwandiko

Wa'alaikumus salam, ɗana Mai Zullumi.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Kuɗin da ke kwance a littafi suna ramewa a wannan zamani, ba ƙarya ka gani ba. Irin asusun da abokinka ya kawo maka ma ba haramtacciyar hanya ba ce a wajen hukuma in masu shi na da rajista, kuma tara hannu a kamfanoni da yawa ya fi zuba komai a guda ɗaya. Sai dai misalinsa na kiwo ya gurgunce. Saniyar da ke ruga kana iya zuwa ka shafa ta, ka ƙirga 'yan maruƙa. Wannan takarda ce, ribarta ba alkawari ba ce, bana ta zo da ƙiba, baɗi ta zo a rame, hannun da ke hawa kuma yana iya sauka. Mai kuɗin kansa zai iya jira. Mai bashi ba ya iyawa.

Ka ce jingina ba ruwa. Ɗauki alƙalami. Ko da komai ya tafi yadda Maikuɗi ya faɗa, ɗari takwas za su kawo maka naira casa'in da shida a shekara. Tambayi Hambali nawa albasar rani ɗaya take kawowa, ka ɗora shinkafar gida biyu. Wannan shi ne ruwan da za ka riƙa biya, sai dai ba daga aljihunka ba, daga tukunyar ƙanenka da ta mahaifiyarka. Kuma ranar da gona ta fita, mutum bakwai sun dawo kan albashin naira saba'in. Daga nan goma-gomar ma ta mutu. To da me za ka tara ɗari takwas a dunƙule? In ka ce ka sayar da hannun jarin ka fanshi gona, a farashin ranar za ka sayar, ba a wanda kake so ba.

Na yi shekara ashirin ina rubutu a gaban alƙali kafin in fara wannan fili. Shari'ar jingina na ga ta fi a ƙirga, kuma kusan duk tafiyarsu ɗaya: ba takarda, shaidu sun riga mu gidan gaskiya, mai riƙo ya ce saye ya yi, a je gona a tarar da itatuwansa sun yi rassa. Kai ɗan ƙauye ne, ka san al'ada: mai riƙon jingina hatsi yake shukawa, ba ya dasa itace. Ban san zuciyar Alhaji ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Ga shawarata. Kada ka bari Juma'ar ta zo. Je ka da kanka ka yi wa Alhaji godiya, ka ce iyali ba su amince ba, kuma ba ƙarya ka yi ba, shirun Hambali da tambayar Dada ƙin yarda ne irin na masu kunya. Gonar ma ba taka ba ce kai kaɗai. Ka gaya wa Dada gaskiya, jingina ce ka kira aro. Ka saya wa Hambali igiyar jigo tun lokacin yafa iri bai wuce ba.

In kana son asusun, ka shige shi da ƙafarka. Je ofishinsu a Kano, ka ga rajistarsu, ka tambayi yadda ake fita da abin da ake yanka, ka kuma tambayi malaminka game da irin kamfanonin da suke saye. In ranka ya kwanta, zuba ɗari daga ajiyarka, ka bar saura don ranar ciwo, ka riƙa ƙarawa da guminka wata-wata. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Babur zai makara, amma zai same ka da gona.

Ka ce kana tsoron a rufe ƙofa. Kamfanoni ba za su ƙare ba, baɗi ma ana sayar da hannun jari. Fadama mai rijiya biyu kuwa sau ɗaya take fita daga gida. Mangwaro sai ya shekara biyar ko shida kafin a ci 'ya'yansa, kuma wanda ya raini guda arba'in a gwangwani ya riga ya yi lissafin cewa ba za ka dawo ba.

Allah ya tsare maka gadon mahaifinka, ya sa albarka a goma-gomarka, ya ba Malam Ƙasimu lafiya. Ka gaishe mini da Dada.

Baba Manu