Duwatsunka Suna Shagon Baba

Zuwa ga ɗan'uwana kuma abokin karatuna, Dakta Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, kuma sanyin ƙasar can bai sa ku gaba ba. Mu nan Tamanrasset sai godiyar Allah. Issufu ne, idan girma bai mantar da kai sunan ba.

Na ga hotonka a shafin tsofaffin ɗaliban jami'armu ta Alje, ka sha kwat, an rubuta cewa bincikenka kan shekarun duwatsun Hoggar ya samu lambar yabo. Wallahi na yi murna, har na miƙe tsaye ni kaɗai a buro, wato ofis. Barka da arziki. A ƙarƙashin hoton nan nake rubuto maka, gaban kowa, don na lura saƙona na waya ba ya samun amsa sai in akwai dutse a cikinsa.

Ka tuna ranar da muka hau kar, babbar motar nan, zuwa arewa? Babanka ya rako mu tasha da kwalin dabino da kilishi, an ɗaure da igiya tamau. Ya kama kunnenka gaban fasinjoji ya ce, "In kun ga teku ku gaishe shi, amma kada ku shiga." Kunya ta kama ka, ni kuwa na yi ta dariya har muka fita gari.

Ka tuna ɗakinmu na ɗalibai da rishon lantarki guda? Tuwon semul muke tuƙawa, da miyar kukar da ake aiko mana daga Damagaram. Maƙwabtanmu ƴan arewacin ƙasar nan su leƙo su ce wannan koriyar aba mece ce, bayan kwana biyu kuma su dawo da cokulansu. Kai ba ka iya girki ba, har yau ban yarda ka iya ba. Aikinka ka zauna bakin gado kana karanta mini darasi da ƙarfi, ni ina fama da muciya.

Ranar da malaminmu ya ɗaga wani dutse a aji ya ce daga Hoggar ya zo, ka taɓa ni da gwiwar hannu, idonka yana ƙyalli. Irin dutsen da muke shanya wanki a kai ne muna yara. Tun ranar na san ka tafi. Da muka gama, kai aka ba ka gurbin ƙaro karatu a waje, ni na dawo gida ina koyarwa. Ban taɓa jin haushin wannan rabo ba, Allah shi ne shaida.

Lokacin da labarin digirinka ya iso, Baba ya ji an ce ka zama lokotoro. Kafin la'asar kasuwa ta ɗauka. Samarinmu masu aikin gini a unguwar Gataa El Oued suka fara zuwa shago, wannan da ciwon baya, wancan da tari, suna tambayar yaushe ɗan Elhaji zai zo ya duba su. Sai da na zauna na yi wa Baba bayani cewa kai lokotoron duwatsu ne, ba na mutane ba. Ya fashe da dariya ya ce, "Ashe duwatsu ma suna rashin lafiya." Daga nan duk wanda ya zo sayen atamfa sai ya ji labarin lokotoron duwatsu, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

To Lawali, ga abin da ya sa na rubuto maka.

Idon Baba yana tafiya. Na taɓa gaya maka ta waya cewa ba ya jin daɗinsa, ka ce in sha Allah bayan taro. Taron ya wuce, wani ya biyo baya. Na kai shi wurin likitan ido, ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma lallaɓa shi ake yi da magani. Na hagu ya rufe. Na dama saura ƴar kafa, kamar mai leƙe ta ƙofar da ba a gama rufewa ba. Ƙanwarka Rakiya ce ke auna wa mutane yadi yanzu, shi yana zaune yana gane su da murya.

Ya hana a gaya maka gaskiyar abin. "Kada a tada hankalin mai karatu," in ji shi. Na bi maganarsa har na gaji. Baba ya gafarta mini, yau na karya ta.

Na kai masa hotonka na lambar yabo. Ya kawo wayar daf da hancinsa, ya juya ta nan, ya juya ta can, ya miƙo mini. Ya tambaye ni ko ka yi ƙiba, ko gemun ya fara fari, ko har yanzu kana karkata kai in kana murmushi. Na amsa masa duka. Amma raina ya sosu ƙwarai. Ni na karanci dutse ne, ban iya siffanta wa uba fuskar ɗansa ba, kuma ba na so in koya.

Saƙonka na makon jiya ya iso, kana son sabon samfurin duwatsu daga wajen Mertoutek. Na je. Na hau da gudumata, na fasa, na sa wa kowanne alama yadda kake so, na naɗe su da kyau. Masu kyau ne, za ka ji daɗinsu. Sai dai wannan karon ba zan aiko ba. Suna cikin buhu a shagon Baba, bayan tabarmarsa, har yana jingina da su. Mai su ya zo ya ɗauka.

Ba fushi nake yi ba, ɗan'uwa. Na san aikin yana da nauyi, na san hanya tana da nisa. Kewarka nake yi, shi kuwa ya fi ni, sai dai ba zai faɗa ba. In ka zo, kada ka tsaya hutawa. Ka je shago da hantsi, lokacin da haske ke shigowa ta ƙofa, a nan ne idon ya fi kamawa. Ka durƙusa ta damansa, ka matso kusa sosai, kada ka yi saurin magana. Ka bar shi ya gane ka da kansa.

Allah ya ƙara wa iliminka albarka, ya tsare wa Baba hasken da ya rage har ka iso. Allah ya sauƙaƙa maka hanya, ya haɗa fuskokinku da alheri. Amin.

Naka har kullum,
Issufu, mai tuƙa tuwo
Tamanrasset