Gawon Gonar Alkasim

Daga Gidan Amumune, zuwa ga taubashina Alkasim a Korgom.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Mai rubutun kasuwa ke rubuta mini, na kuma hana shi tausasa maganata.

Shekara da shekaru abin nan na cin raina. Ni na fara cewa a bar tohon gawo a gona in an zo sassabe, gero ya fi kyau a gindinsa. Gari duka suka ce Hammadu rago ne, ya kasa share gonarsa. Yau ina zaune wajen ɗiyata, sai na ji wai kai da Sale da Bube, ku uku kacal, kuka juya kan jama'a, har 'yan radiyo za su zo ranar Juma'a su ɗauki muryarku. Kai da ba ka bambanta gawo da kalgo! Ka faɗa musu sunana tun farko.

Ka huta lafiya.
Hammadu

Daga Korgom, zuwa ga Hammadu.

Wa alaikumus salam, tsohon rigima. Iyali na amsawa.

Gaskiya ne, ka faɗa. Amma yaya ka faɗa? A ƙofar masallaci ka kira mutane jakai. Da dariya ta yi yawa, kai da kanka ka sare naka, ka kai itacen kasuwa. Wa zai bi mutumin da ya bar maganarsa?

Mu ba mu zagi kowa ba. Kowace shekara bakinmu ɗaya, gonakinmu ma haka. An yi mana ba'a, muka ci gaba da aikinmu. Mai gari ya ce mu share, muka ba shi haƙuri, muka bar tohonmu. Sannu masu dariyar suka fara tsayawa a kan iyaka suna kallon gero. Wani ya bar biyu a bayan gona inda ba a gani, da shekara ta zagayo ya bar goma. Yanzu kowa cewa yake dama can ra'ayinsa ne.

Allah ya huci zuciyarka.
Alkasim

Zuwa ga Alkasim.

Salama, don addini ya ce a yi.

Juma'a ta wuce. Na kasa kunne a radiyo har aka gama. An ambaci Sale, an ambaci Bube, har jakin Bube na ji kukansa. Hammadu shiru.

Gawona na sare, gonata ce. Amma na ji kana alfahari da babban gawon nan da kuka zauna a inuwarsa, wai da shi ka fara. Ranar da ka ɗaga gatari kansa yana ɗan toho, wa ya fizge gatarin har kuka faɗi cikin ƙarangiya?

Na biya ɗan kabu-kabun da ya kawo wannan takarda, zuwa da dawowa. Na ce ya zauna a ƙofarka, kar ya tada babur sai ka rubuta. Wa ya fizge gatarin, Alkasim? Ka ba ni amsa.

Hammadu