Madubin Dogaye Kaɗai

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikata Masu Kallon Tsuntsaye da Namun Daji,
Ofishin Ƙungiya, ɗaki na biyu bayan tsohon sito.

Daga:
Matar Tsohon Shugaba, mamba mai cikakkiyar rajista,
Gida mai koren ƙyaure, daura da famfo.

Kwanan wata: Litinin, 17 ga Nuwamba, 2025.

Game da: Ƙorafi kan yadda aka zaɓi madubin hangen nesa na ƙungiya, da roƙon a canza shi kafin ƙarshen wannan wata.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina neman izinin gabatar da kokena a rubuce. Na san za ka yi mamakin samun takarda daga gidan da kake shiga kai tsaye har madafa kana buɗe tukwane. A gida Auta nake ce maka, domin ƙanin mijina ne kai, kuma ni na riƙa wanke maka kayan makaranta. Sai dai na lura duk maganar da na faɗa wa Auta da baki dariya take zama, ba ta isa kunnen Shugaba. Shi ya sa na sayi ambulan.

Kamar yadda ofishinka ya sani, Yayanka ne ya kafa wannan ƙungiya, kuma shi ya shugabance ta har zuwa bara da ɓarin jikinsa ya shanye. Tun daga lokacin a keken marasa lafiya yake. Ban da asibiti, fitar da muke yi ranar Asabar zuwa bakin tafkin gandun daji ita kaɗai ke fitar da shi daga gida. A taronmu na watan Oktoba an amince a sayi madubin hangen nesa mai ido ɗaya, irin wanda ake kafawa a kan ƙafafu uku, mai sauƙin kuɗi, wanda kowane mamba zai iya leƙawa. An sayo madubi, amma Yayanka ba ya iya leƙa shi. Mai shagon ya yarda ya canza mana da wani, matuƙar an mayar da shi kafin watan nan ya ƙare. Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu.

1. Yadda aka haɗa kwamitin sayayya. An naɗa mutum uku: kai, da Ma'aji, da tsohon direban nan da muke kira Babu Birki. Ba na shakkar amanar kowa a cikinku. Amma Allah ya yi ku dogaye ku ukun, duk sai kun sunkuya kuke shiga ofishin ƙungiya, alhali rabin mambobinmu mata ne, kuma mafi tsawonmu da kyar take kaiwa kafaɗar Ma'aji. Na ɗaga hannu na nemi a tafi da ni, aka ce mota ta cika. Daga baya na samu labarin cewa kujerar da aka hana ni lemar Babu Birki ce ta zauna a kai.

2. Batun tabarau. Ranka ya daɗe, cikin ladabi nake tunatar da kai cewa ku ukun nan likita ya rubuta muku tabarau, kuma ku ukun a aljihu kuke ajiye shi idan kun shiga mutane, wai kada a ce kun tsufa. Ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ce fa muke ciki, sunanta ma ya riga ya tona mana asiri. A ranar Alhamis, 30 ga Oktoba, kun je shagon da tsakar rana, aka kafa muku madubi a bakin ƙofa. Kai ka fara sa ido, ka ɗago ka ce tangaran. Ma'aji ya sa nasa, ya ce lallai tangaran. Matarsa ce ta shaida mini cewa da ya koma gida ya ce shi dai dishi-dishi ya gani, amma tunda Shugaba ya riga ya yi magana, wane shi ya ce bai gani ba. Shi kuwa Babu Birki ya rantse ya ga shaho a kan turken lantarki da ke tsallaken titi, har ya siffanta bakinsa. Na bi ta titin nan da ƙafata. Baƙar leda ce, kuma har yanzu tana nan. A cikinku ba wanda ya taɓa abin murzawar da ke daidaita gani, domin wanda ya murza ya amsa ke nan cewa da farko bai gani ba.

3. Dalilin zaɓin. Mai shagon ya nuna muku iri biyu da kuɗinmu zai iya saya. Ɗaya miƙaƙƙe ne, an rubuta babbar lamba a kwalinsa, wai yana jawo abu kusa sau sittin. Ɗayan wuyansa a lanƙwashe yake, lambarsa ba ta kai wancan ba, amma gilashin gabansa ya fi faɗi, ƙafafunsa kuma sun fi nauyi. An ce Babu Birki ya tambaya ko faɗuwa ya yi a hanya wuyan ya karye. An ce kai kuma ka yi hukunci cewa ba zai yiwu dattijo mai mutunci ya sunkuyar da kai kamar mai leƙen rijiya ba, alhali tsuntsu a sama yake. Ma'aji ya duba lambobin, ya ce tunda kuɗin kusan ɗaya ne, a ɗauki mai yawa. Haka aka zaɓa mana madubi kamar ana sayen lemo a kasuwa.

4. Abin da ya faru a bakin tafki. A ranar Asabar, 1 ga Nuwamba, aka kafa shi da sassafe a dandalin kallo, aka yi ta tafi. Ƙafafun nan sirara ne kamar tsinken tsintsiya. Da iska ta ɗan kaɗa sai ya hau rawar ɗari, idan kuma wani ya yi tari a kusa, tafkin gaba ɗaya sai ya yi tsalle ya fice. Idan aka murza shi zuwa babbar lambar da aka yi alfahari da ita, duhu yake yi, a daidai lokacin da barewa ke saukowa shan ruwa. Masu sa tabarau kuwa, wato mu da muka yarda mun tsufa, ɗan da'irar haske muke gani bai fi bakin kwalba ba. Mu gajeru sai da aka jawo mana akwatin ruwan sanyi muka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, ana riƙe mana hannu. Ranar ce Babu Birki ya sanar da ganin kada, aka rubuta a rahoton fita, aka yi masa barka. Da rana ta ɗaga muka ga tsohuwar taya ce. A matsayinsa na direba, na ɗauka ko ba komai zai gane taya.

Duk wannan da zan iya shanyewa. Na shanye abin da ya fi shi a ƙungiyar nan, har da shekarar da aka manta da ni a ƙofar gandu.

5. Batun Yayanka, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Dandalin kallo yana da katanga wadda ta kai ƙirjin mutumin da ke zaune. Da aka sauke madubin daidai idonsa, katanga ya gani. Da aka ɗaga shi ya haye katangar, ya fi ƙarfin kansa. Kekensa kuma ba ya shiga tsakanin ƙafafun, kowane gwaji sai taya ta ture ɗaya. Daga nan ne kai da Ma'aji kuka yi shawarar ku ɗaga Yayanka. Kuka kama shi ta hammata, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ƙafarsa mara lafiya tana jan ƙasa, hularsa ta faɗi, rigarsa ta tattare har cikinsa ya fito, mambobi da baƙin da suka zo yawon buɗe ido suna tsaye suna kallo. Tabaransa ya bugi bakin madubin ya karkace. Ka tambaye shi da murna ko ya ga gauraki, sai ya gyaɗa kai.

Ranka ya daɗe, bai ga komai ba. Mutumin nan shi ya koya mana bambanta zalɓe da balbela tun daga nesa, shi ya koya maka yin shiru a bakin ruwa, aikin da har yau bai kammala ba. Ya gyaɗa kai ne don ku sauke shi, kuma don ya ga yadda fuskarka ta cika da farin ciki. Ni na ɗauki hular na kakkaɓe, kuma ban ɓoye ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Na san da kyakkyawar niyya kuka yi. Amma an maimaita wannan ɗagawar a Asabar ta biyu, kuma har kafaɗarsa ta kwana tana ciwo.

6. Ƙoƙarin da na yi kafin rubuta wannan takarda. Na same ka da maganar a falonmu, kana cin abincina. Ka yi dariya har ka ƙware, ka ce ai Yaya da kansa ya ce ya gani, ni ce dai ban son a yaba wa kwamitin da ba na ciki. Na samu Ma'aji, ya ce sai an kira taro, taron kuma sai wata mai zuwa. Don haka a ranar Laraba, 12 ga Nuwamba, na je shagon ni kaɗai. Na roƙi kujera na zauna, tabarau a idona, na ce a kafa mini mai lanƙwasasshen wuyan a gefena. Ashe wuyan juyawa yake yi. Madubin yana tsaye can sama, bakin da ake sa ido ya juyo ya same ni inda nake zaune. Robar bakin kuma ana naɗe ta saboda masu tabarau. Na ga tattabarun da ke kan rufin asibiti, har wadda ke ɗingishi a cikinsu. Mai shagon ya ce ba sai an ƙara komai ba, amma wanda ya saya shi zai mayar, kuma a cikin kwalinsa.

7. Batun kwalin. Bincikena ya nuna yana gidan Ma'aji, kuma kyanwarsu ta haihu a ciki. Ina taya ta murna, amma kwalin na ƙungiya ne.

Saboda haka, cikin girmamawa nake roƙon ofishinka ya ɗauki waɗannan matakai. A samo wa kyanwa da 'ya'yanta wani masauki, ni zan bayar da tsohon kwando. A mayar da madubin shago cikin makon nan, kada a jira taron wata mai zuwa. A gwada sabon da safe ko da yamma lokacin da haske ya yi ƙasa, a gwada shi a zaune, a taɓa ƙafafunsa a ga ko suna rawa. Kowane ɗan kwamiti ya ciro tabaransa daga aljihu ya sa a fuskarsa, na yi alkawarin ba zan ce komai ba. Sannan a goge kadan nan daga rahoton fita, kada na baya su zo su riƙa nemansa.

Akwai abu guda da ya rage, wanda ban sa masa lamba ba domin ba na kwamiti ba ne. A Asabar da ta wuce, da kuka tsaya a ƙofar gida da mota kuka yi oda, na fito na ce muku Yayanka yana hutawa. A shirye yake tun asuba, da takalminsa da hularsa. Da ya ji ƙarar motar ne ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya girgiza kai. Bayan kun tafi ya sa na tura shi bakin taga, ya wuni yana kallon tsuntsayen da ke kan wayar lantarki. Can da yamma, da harshen nan nasa mai nauyi, ya tambaye ni ko gauraki sun yi yawa bana. Na ce sun yi. Sai ya ce kada in faɗa wa Auta, Auta ya yi ƙoƙari.

Ga shi na faɗa maka, kuma a rubuce. Ranar Asabar mai zuwa zan sake shirya shi kamar kullum. Idan an canza madubin, kada ka yi oda daga waje, ka shigo ka tura kekensa da kanka. Idan kuwa ba a canza ba, ina roƙon a bi da motar ta ɗaya layin, domin ya san ƙararta.

Ina fatan Mai Girma Shugaba zai dubi wannan koke da idon rahama. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya taimake ka a kan shugabancin da Yayanka ya damƙa maka.

Ni ce mai biyayya ga ofishinka a koyaushe,

(sa hannu)
Matar Tsohon Shugaba,
Matar Yayanka.

Kwafi zuwa ga: Ma'aji, da Babu Birki.