Zan Zo Maka da Kifi Ranar Sabuwar Shekara

Ya Bernardino, sanyin idona, ruwan daɗina a tsakiyar ruwan gishiri, inuwar da nake gudu gare ta idan yashi ya ƙona mini tafin ƙafa. Gaisuwa daga tsibirin Orango, daga wadda ka ce ta manta da kai.

Saƙonka ya iso. Gwaggonka Domingas ce ta kawo shi da bakinta. Ko zama ba ta yi ba, ta ce, "'Yar nan, ya ce ki nemi mai ƙafa biyu. Ni ma da ni ce ke, haka zan yi." Na ba ta ruwa ta sha, na raka ta bakin teku. Amsa kuwa ban ba ta ba, don ba da ita na yi alkawari ba.

To ga amsar: na ƙi.

Tun da kifin nan mai ƙaya a wutsiya ya soke ka, ciwon ya ci, likitoci suka yanke ƙafar daga gwiwa, ka shige ɗaki a tsibirin Bubake, ka juya wa teku baya, ka haɗa da ni. Wa ya gaya maka ƙafarka na so? Da ƙafa ka yi dariyar nan ranar da dorina ta ɓullo kusa da jirginmu, na ƙanƙame jigon jirgin ina kiran uwata, kai kuwa kana cewa in gaishe ta, surukata ce? Da ƙafa ka ɗora hannuna a kan sandar tuƙi, ka ce in rufe ido in ji iska a kunne kafin in gan ta a kan ruwa? Muryarka nake nema, mai taushi kamar manja sabon tatsa. Ita ma an yanke ta ne?

Jirginka ya daɗe kwance a yashi har ƙaguwa ta yi gida a cikinsa. Na tashe shi. Na toshe ramukansa da kwalta, na ɗinke ƙyallen da ke kama iska ya tura jirgi da buhunan shinkafa. Mazan da ke zaune gindin mangwaro suna ta dariya, ɗayansu ya ce, "Segunda, jirgi fa ba turmi ba ne." Na ce su matsa, suna tare mini iska.

Ranar jajibirin Kirsimeti na fita da shi, na tarar da mutanenmu masu dawowa gida daga birnin Bisau sun maƙale a tsibirin Uno, jirgin inji ya lalace. Na kwashe su: mata da goyonsu, awaki, jarkokin giyar yazawa, da wani alade ɗaure yana ta ihu. Muna tsakiyar hanya iska ta juya, ruwa ya fara janyewa, ga tudun yashi a gabanmu. Tsoho Kayetano, abokin babanka, ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni sandar nan, 'yata, kafin ki mai da mu abincin kifi." Na ce, "Kawu, zauna ka riƙe aladenka." Na rufe ido na saurari iska, na saki igiya, na danna sanda da dukkan ƙarfina. Jirgi ya kwanta gefe har ruwa ya shigo, cikinsa ya gogi yashi, sai ya miƙe ya wuce. Da muka sauka Kayetano ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce, "Wanda kuka ce ya ƙare."

Gari ya ɗauki kiɗa da rawa, kowa da nasa a gefensa. Ni kaɗai na zauna a gindin jirgi ina kallon wajen Bubake, zuciyata kamar kunkurun teku da aka kifar a yashi, tana jin ƙamshin ruwa ba ta iya kaiwa gare shi. Kaico, masoyina! Wa zan ba labarin nan ya gane shi in ba kai ba?

Ka san al'adar tsibirinmu: mace ce ke zaɓa. Ta dafa kifi da manja ta ajiye gaban namiji, in ya ci, magana ta ƙare. Haka uwata ta yi, haka kakata, kuma babu wadda ta ƙirga ƙafafun kowa. Na riga na yanko ciyawar rufin ɗakinmu. Na kafa maka katako a bayan jirgi, inda matuƙi ke zama. Ido da hannu tuƙi yake so. Tsalle cikin ruwa da jan igiya, bar mini.

Ranar Sabuwar Shekara, da cikar ruwan safe, ka leƙa ta taga, za ka ga ƙyalle mai faci yana tahowa. Ba a ɓoye zan zo ba. Zan ratsa kasuwar Bubake da kwanon a kaina, kowa na gani, in ajiye shi a ƙofarka. In ka ƙi buɗewa, in zauna. In ya huce, in dafa wani. Sai mu gani, tsakanin taurin kanka da kifin teku, wanne zai riga ƙarewa.

Taka, a cikar ruwa da janyewarsa, har ranar da za a rufe ni da yashin Orango,

Segunda