Idon da Ka Kafa Min a Lambu

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan saƙon nan zai same ka lafiya kai da iyalinka. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya ba ka sa'ar aiki, ya raya mana yaran. Mu nan alhamdu lillahi. Babanku ƙafar ta yi sauƙi, har yana takawa zuwa ƙofar gida ba sanda. Auta ta gama jarrabawa tana gida, ci da barci su ne aikinta. Ƙuguna ma da sauƙi, ko da yake wannan ba sai na faɗa maka ba, tunda ashe da idonka kake gani.

Na ga kiranka. Tun ranar Talata nake ganinsa, wayar tana hannuna, ba lalacewa ta yi ba, ba kuma sabis ne ya ɗauke ba, sabis ai yanzu har bayan kejin kaji akwai shi. Ni ce na ƙi ɗauka. Na san in na ji muryarka zan faɗi abin da bai kamata ya fito daga bakin uwa ba, shi ya sa na zauna nake danna wannan da yatsa ɗaya. In ka ga kuskure ka haɗiye shi, ba ni da zuciyar gyarawa.

Ni na fara yi maka kuka a kan waifai, wato intanet ɗin gidan nan, ban musa ba. Ka san yadda babanku ya gina gidan, bango kamar na kurkuku, ɗaki bayan ɗaki. Akwatin yana falo a kan kabad, to a falon kawai yake aiki. Ɗakin babanku ko ɗigo babu, in za ku gaisa sai ya jawo ƙafar nan tasa har falo yana nishi. A kicin sai na tsaya jikin taga na ɗaga waya sama kamar mai addu'a kafin saƙo ya tafi. Lambu kuwa ba a magana, ga layin waya na unguwar nan ka san sai a bakin titi yake kamawa. Ranar da santsi ya kwashe ni a bakin famfon lambu na fi awa guda a kwance, waya tana gefena ba ta da amfani, ina kira ba mai ji, sai da Auta ta dawo ta tsince ni. Duk na sani. Da ka ce za ka turo mai gyara har rawa na taka a zaune.

Mutumin ya zo da tsaninsa, dattijo da shi har da furfura a gemu, wuni biyu ya yi yana aiki. Ya bi ɗaki ɗaki da wayarsa yana aunawa, ya ce bangon tsakiya da firij da tankin ruwa su ne suke tare abin. Ya sauke akwatin daga kabad ya maida shi barandar tsakiya, ya kafa ƙanana guda uku, ɗaya a ƙofar babanku, ɗaya a saman kicin, ɗaya a jikin sandar ƙarfe kusa da bishiyar lemo, ya ja waya ta bi katanga har can. Ya tattake min albasa layi guda ban ce uffan ba, abinci ma sau biyu na zuba masa. A ƙasan na lambun na ga wani baƙin abu mai ƙyalli kamar idon kifi, na tambaye shi, ya ce duk cikin aikin ne, kai ka ce a sa. Ya faɗa yana naɗe waya, ko kallona bai yi ba. Ni kuma da na ji kai ne, ban ƙara tambaya ba. Wa zai tsaya binciken abin da ɗansa ya aiko?

Sati uku na yi ina sa maka albarka. Babanku yana kwance a gadonsa yana hira da yara. Ni ina tsakiyar tumatir ina jin karatu a waya ba yankewa. Maƙwabta duk sai da na ishe su da labarinka, wai ɗana ya sa sabis ya cika min gida har lambu.

Sai ranar Talata 'yarka, takwarata, ta kira ni a bidiyo. Muna cikin tsokanarmu da muka saba, ina ce mata mai wawulo, sai ta ce ai gara ita, ni kaina fari ne fat kuma ba gashi a gaba. Na yi dariya, na ce a ina ta taɓa ganin kaina, yarinyar da ko sau ɗaya ba ta gan ni ba ɗankwali ba. Ta ce a talabijin. Wai ta gan ni ina wanke ƙafa a famfo da zani a ƙirji, ina yi wa kaji faɗa. Har lokacin ina dariya, na ɗauka mafarki ta yi. Sai ta kwaikwayi maganata, yadda nake ce wa jar kazar nan uwar kwaɗayi, da muryata, da yadda nake ɗaga tsintsiya. Babana, nan na daina dariya. Na lallaɓa ta na ce wace talabijin, ta ce babbar ta falo, wai kullum ka dawo daga aiki sai ka kunna ka ga ko ina lafiya. Wai ranar Lahadi ma da kakanninta na wajen uwa suka zo tana kunne, wai kakanta namiji ya tashi ya fita baranda bai dawo ba sai da aka kashe. Nan matarka ta fizge wayar tana cewa kada in biye wa shirmen yara, muryarta tana rawa. Da ma ba ta yi magana ba, rawar muryar nan ita ta gama gaya min komai.

Surukinka. Mutumin da tun ranar ɗaurin aurenku ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Shi ya ji kunyar da kai ba ka ji ba, ya tashi ya ba ni wuri. Allah ya saka masa da alheri, amma ka gaya min da wace fuska zan sake gaishe shi? Ita kuma surukarka da ta zauna, me ta gani, me ta je ta faɗa? Ni da nake goge mayafi kafin in amsa kiranta a waya!

Kai ko da kana ɗan shekara bakwai ba ka faɗo min ɗaki ba sallama, ni na koya maka, da dundu na koya maka. Yau ka girma ka yi ilimi, ka shigo min ta saman sandar ƙarfe ba sallama ba gyaran murya, sati uku, har da baƙi. Ka san me lambun nan yake a wurina? Shekara talatin da wani abu gidan nan bai rabu da mutane ba, abokan babanku, 'yan uwansa, ɗalibansa, kullum ina cikin lulluɓi ina ɗauke da tire. Can bayan ne kaɗai nake cire ɗankwali iska ta taɓa min kai. Can nake magana ni kaɗai. Can nake kukan marigayiya Inna in ta faɗo min a rai, don kada babanku ya ce ban yi tawakkali ba. Can nake zagin kowa a cikinku in kun ɓata min, in gama in wanke fuska in shigo ina murmushi. Yanzu ina zaune ina ta lissafin me na yi a sati ukun nan, me na faɗa, ina na sosa, kuma ba na iya tunawa duka. Wannan ne yake cina.

Babanku ma ban bar shi ba. Na same shi na tambaye shi, sai ya hau murɗa rediyo. Da na tsaya a kansa ya ce eh ka gaya masa, wai don lafiyata ne, wai ya manta bai faɗa min ba. Manta! Mutumin da bai taɓa manta an rage masa sukari a shayi ba. Ku biyu kuka zauna kuka yanke a kaina kamar wata akuyar da za a ɗaure. Tun ranar, abinci kawai nake ajiye masa in juya. Shi ma mai tsanin Allah ya kawo shi, ya ci abincina ya kalli ƙasa ya ƙi gaya min gaskiya.

Abin da ya sa kake ganin baƙi a talabijin ɗinka kuwa, ba lalacewa ya yi ba, kada ka wahalar da kowa. Safar babanku ce. Na sa ta a bakin sandar da nake tsinko lemo, na yi ta fama har na zura masa ita. Ni da kaina, da ƙugun nan da kake tsoro.

Na san tsoro ne ya sa ka. Auta ta gaya min ranar da na faɗi ka kasa cin abinci, kuma na san zama a nesa da ciwo. Ban ce ba ka ƙaunata ba. Amma da ka buɗe baki ka ce Mama zan sa abu kaza, da na ce a'a, ko na ce to a juya shi ya kalli famfo kawai, da na san yadda zan shirya. Ka san zan ce a'a, shi ya sa ba ka tambaya ba. Wannan kuma ba tsoro ba ne, raini ne.

Kwana huɗu ban leƙa lambun ba, Auta ce take watsa wa kaji hatsi, tumatir duk sun langaɓe. Yau da safe na ce wannan wauta ce, ai safa tana kai, na ɗauki bokiti na shiga. Sai da na kai bakin famfo na duba jikina, ashe na yafa mayafi. A cikin gidana, ba kowa sai ni da kaji. Na kai hannu zan cire na kasa. Haka na yi ban ruwan ina riƙe da shi da haƙori kamar baƙuwa. Ka ji abin da ka saya min.

To ga abin da za a yi, kuma ba shawara nake nema ba. Ka kira mai tsani ya zo ya kwance idon nan ya sa min shi a tafin hannuna. Akwatunan sabis ya bar su inda suke, suna da amfani, ban haɗa su da laifinka ba. Auta ta ɗinka min 'yar jaka mai igiya, wayar za ta zauna a wuyana, in na faɗi ni zan kira ka da bakina, tunda yanzu kira yana fita. Duk abin da na'urar ta ɗauka, a wayarka ne ko a ina ne, ka goge shi, ka rantse min ka goge. Surukanka kuma kai za ka je ka gaya musu ban san da abin ba, kada su zaci haka nake zama a gaban mutane.

Ka gaishe da matarka, ka ce ban riƙe ta ba, na san ba ita ta kafa ba. Takwarata kuma wallahi in na ji an taɓa ta a kan ta faɗa, ni da kai ne, ita kaɗai ce ta gaya min gaskiya a gidan nan naku. Ka shafa min kan ƙaninta. Auta tana gaishe ku. Babanku ma na san zai ce a gaishe ku, ban dai tambaye shi ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar ka kira, zan ɗauka. Amma murya kawai, kada ka danna bidiyo. Ganin da kuka yi min ya ishe ku haka.

Allah ya yi maka albarka, ya shirye ka.

Ni ce,
Mahaifiyarka